Yadda Sai-Ni Ya Yi Wa Mangwaron Surukinsa Aski

Mai askin da ke gindin mangwaro kowa a layin Sai-Ni yake ce masa, kuma bakinsa ne ya jawo masa sunan. In famfo ya lalace, sai ni. In rediyon wani ya shaƙe, sai ni. Ko mota ce ta mace a bakin titi, zai bar kan mutum rabi a aske ya je ya leƙa cikin inji, ya dawo yana karkaɗe hannu yana cewa da sun ba shi wuri da tuni ta tashi. Aski kam ya iya, ko maƙiyinsa ba zai ce bai iya ba. Ciwonsa guda ne, idonsa ba ya jure ganin wani gefe ya fi wani. Sai ya ja da baya, ya karkata kai, ya ce hagu ta ɗan fi, ya rage. Ya sake ja da baya ya ce to yanzu kuma dama ce ta yi yawa. Mutane da dama sun zauna a kujerarsa don a ɗan rage musu sama-sama, sun tashi da kai tal suna neman hula.

Wurin da yake sana'ar ba nasa ba ne. Bishiyar a ƙofar gidan surukinsa take, dattijon da duk layin ke kira Baba, wanda ya dasa ta da hannunsa ya yi ta jido mata ruwa a bokiti har ta zama abin da ta zama. Inuwarta ta rufe ƙofar gidan, ta rufe benci da kujerar aski, har ta ɗan taɓa wurin mai faci da ke gefe. A nan Baba yake shimfiɗa tabarma da abokansa tsofaffi tun hantsi, kuma su ne rabin cinikin Sai-Ni. Sauran rabin masu wucewa ne da suka tsaya shan inuwa, ya yi ta kallon ƙeyarsu yana girgiza kai har su ji kunya su zauna. In aka raba shi da gindin bishiyar nan an raba shi da tukunyar gidansa, kuma ya san haka sarai ko da bai taɓa faɗa ba.

Janareta ne ya ɓata zaman. Wani ɗan tsohon janareta gare shi mai tari da hayaƙi, wanda in ya tashi sai tsofaffin su koma gaisawa da hannu. Baba ya yi ta haƙuri saboda 'yarsa, har ranar da ya ɗauko wani labari mai daɗi tun daga tushe, ya kai shi ƙarshe, ya tsaya jiran dariya, ya ga kowa bakinsa yake kallo. Ashe babu wanda ya ji ko kalma ɗaya. A lokacin yana shirin tafiya wani gari wurin babban ɗansa, za a cire masa yanar ido, ya zauna can har ya warke. Da safen tafiyar ya sa aka kira masa surukin nasa, ya zo ya tsuguna.

"Ka ga wannan abin naka?" in ji Baba, yana nuna janaretan da sanda. "In na dawo na ji muryarsa, ka kwashe kujerarka da madubinka ka nemi wani wuri. In kuwa na tarar da shiru, wurin nan naka ne muddin ina numfashi."

Da mai hankali ne sai ya ce to, ya tafi ya yi tunani. Sai-Ni kuwa tun yana tsugune ya fara bayani. Ya ce ai dama ya daɗe yana nazarin wutar sola, janaretan ma tausayinsa yake ji shi ya sa bai sallame shi ba. Ya ce kafin Baba ya dawo gindin bishiyar nan zai zama wurin da za a riƙa zuwa kallo daga wasu unguwanni, ga fanka, ga rediyo, ga wurin cajin waya, kuma ko ƙuda ba zai ji motsi ba. Baba ya ce Allah ya sa, ya shiga mota.

Kafin azahar ya sayar da janaretan, don kada ma zuciya ta raya masa komawa baya. Ya shiga kasuwa ya sayo farantin sola mai girman ƙyauren ɗaki, da batir, da inbata mai mayar da wutar batir irin ta gida, da ɗan akwatin caji mai fitila, da naɗin waya. Mai shagon ya buɗe baki zai gaya masa inda ake kafa faranti da inda ake fuskantar da shi, Sai-Ni ya ɗaga masa hannu. Ya ce shi mutum ne da ya yi shekaru yana riƙe da wuta a tafin hannu tana kaɗawa a gefen kunnuwan mutane bai taɓa cire ko ɗaya ba, don haka a adana bayanin a ba masu koyo. Mai shagon ya adana.

Ya shigo layin a bayan wata 'yar motar kaya, rungume da farantin, ya sa direban ya yi ta danna hon har matan gidaje suka leƙo. Mai faci ya ajiye tayar da ke hannunsa ya taso. Shi wannan mutum ne mai ƙaramin jiki da dogon harshe, kuma shi da Sai-Ni in ba su yi cacar baki da safe ba ranar ba ta yi musu daɗi. Ya zagaya farantin, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya tambaya ko a kan rufin gidan za a ɗora.

"A kan rufi?" in ji Sai-Ni. "In ɗauki guminna in kai shi inda sai tsuntsaye za su gani? Kai shi ya sa har yau kake faci."

Ya ari tsani da guduma, ya kafe farantin a jikin bishiyar, sama da madubi, yana fuskantar titi yadda duk mai wucewa zai gani ya tambaya. Ya jawo waya zuwa batir, ya ga ta yi saura tana reto, ya sa almakashi ya datse ta daidai wa daida, don shi ba ya son ganin abu ya yi tsawo a banza. Wajen haɗa ja da baƙi ne aka ɗan samu saɓani. Ya duƙa da fuskarsa dab da batirin, ya ɗora wannan a inda wancan ya kamata, tartsatsi ya tashi fat, ya faɗi zaune. Da ya miƙe ya dubi madubi, gashin bakinsa na gefen dama ya babbake. Ya ce ba komai, ya ɗauki almakashi ya rage na hagu don su daidaita. Ya duba ya ga yanzu na dama ya fi. Kafin ya gama haɗa wutar, gashin bakin da ya yi shekaru yana shafawa in zai cika baki babu shi babu alamarsa. Da ya shiga gida matarsa ta dube shi ta ce baƙo daga ina, ya ce mata injiniyoyin sola ba sa barin gashin baki saboda tsaro.

Abin mamaki, washegari wuta ta kawo. Batirin da cajinsa ya zo daga shago, amma wannan ba wanda ya gaya wa Sai-Ni, kuma ko an gaya masa ba zai ji ba. Kilifar aski ta riƙa kaɗawa a hankali, fanka na juyawa, rediyo na magana, tsofaffi na jin junansu karo na farko cikin shekaru har suka gano cewa ba su yarda da juna a kan komai ba. Sai-Ni ya yi shela duk mai waya ya kawo a yi masa caji kyauta. Wayoyi suka yi layi a kan benci. Wata maƙwabciya ta aiko da dutsen guga, ya ce a jona. Ya tsaya a bakin titi riƙe da ƙugu yana gaya wa masu wucewa cewa rana ce ke masa aiki yanzu, kuma ba ta karɓar ko sisi.

Da gari ya sake wayewa, wani tsohon direba ya zauna a kujera. Shi ne aminin Baba na kusa, mai yawan suma da ƙarancin haƙuri, kuma ranar zai je ɗaukar hoton da za a manna masa a katin fansho. Sai-Ni ya ɗaura masa ƙyalle, ya ɗora kilifa daga goshi ya bi da ita tsakiyar kai har ƙeya, ya buɗe hanya lafiyayya. A nan inbata ya fara kuka ƙi-ƙi-ƙi, fanka ta tsaya, kilifa ta mutu a hannunsa.

"Me ya faru?" in ji tsohon direba.

"Hutawa take yi. Wutar sola ba irin ta janareta ba ce, tana da natsuwa."

Suka jira natsuwar ta wuce, ba ta wuce ba. Mai faci ya leƙo ya yaba da titin da aka shimfiɗa a kan tsohon direba, ya ce tun da ya yi ritaya bai hau hanya mai kyau irin wannan ba. Aka ƙarasa askin da almakashi da baƙar magana, tsohon direba ya danna hula har gira ya tafi yana rantsuwa. Masu wayoyi suka zo suka kwashe abinsu yadda suka kawo.

Matar Sai-Ni ce ta faɗi maganar da kowa ke gudun faɗa, lokacin da ta kawo masa abinci ta tarar da shi yana jijjiga batir. Ta ce ita dai ba ta yi karatun injiniya ba, amma ko wanki ta yi ba ta shanya shi a gindin bishiyar Baba, don sai ya wuni bai bushe ba. Sai-Ni ya ce ai ya sani, gwada farantin yake ya ga iya juriyarsa. Mai faci ya ce to tunda gwaji ya ƙare, a cire shi a kai fili. Amma cirewa na nufin a zare ƙusoshi a gaban jama'a, a sayo sabuwar waya a madadin wadda aka datse, a kuma yarda cewa mai faci ya fi shi gaskiya tun ranar farko. Wannan na ƙarshen shi ne ba zai haɗiyu ba. Ya ja da baya zuwa tsakiyar titi, ya ɗaga kai, ya karkata shi gefe guda, ya daɗe yana kallon bishiyar da irin kallon da yake wa ƙeyar masu wucewa.

"Farantin ba shi da laifi," ya ce. "Bishiyar ce ta tara suma."

Matarsa ta ajiye kwanon abincin da sauri, ta ce ta haɗa shi da Allah kada ya taɓa bishiyar Baba. Ya ce wa ya ce zai taɓa, ɗan gyaran fuska ne kawai, 'yar taga zai buɗe wa rana ta leƙo, Baba ma ba zai lura ba. Ya ari zarto da adda ya hau.

Reshen farko ya faɗo lafiya. Na biyu ya faɗa cikin bahon ruwan da mai faci yake gwada tayoyi, ya yi wa wani mai babur wanka da kayansa. A na uku Sai-Ni ya sa hannu cikin gidan jajayen tururuwa, suka bi hannun riga suka shige, ya yi ta rawa a kan reshe yana tuɓe riga yana marin kansa, 'yan makaranta da ke wucewa suka tsaya suna masa tafi. Amma da ya sauko, rana ta sauka a kan farantin tar, fitilar akwatin caji ta yi kore, kilifa ta farfaɗo. Ya zagaya layin ba riga, jiki duk kumburi, yana tambayar ina masu cewa a kai fili.

Murnar ba ta kai la'asar ba. Rana ta gusa, inuwa ta dawo kan farantin, fitila ta koma ja. Sai-Ni ya ɗauki abin a matsayin cin fuska. Ya ce rana ba ta da alƙawari, an buɗe mata taga ta ƙi tsayawa, to zai buɗe mata ta yamma ma ya ga ta inda za ta bi ta gudu. Washegari ya buɗe ta yamma. Da safe ta makara ba ta iso ba, ya buɗe mata ta gabas. Awakin layin suka ji labari suka taru suna cin ganye, har masu su suka daina neman dusa.

Da a nan ya tsaya, da Baba ya dawo ya yi faɗa ya haƙura. Amma Sai-Ni ya sake fita tsakiyar titi ya karkata kai, kuma abin da ya gani ya hana shi sukuni. Gefen da ke wajen mai faci ya yi cunkus, gefen ƙofar gida ya yi fayau. Ya ce wannan abin kunya ne a ce a gaban shagon mai aski yake, mutane za su ce aikinsa ke nan. Ya hau ya rage na wajen mai faci. Ya sauko ya duba, yanzu kuma na ƙofar gida ne ya yi nauyi. Ya hau. Tsofaffin suka riƙa jan tabarma suna bin 'yar inuwar da ta rage, yau nan gobe can, har suka cure wuri guda gwiwa na gugar gwiwa, kowa na zargin ɗan uwansa da cinye masa sanyi. Daga ƙarshe suka naɗe tabarmar suka tsallaka titi, suka koma barandar wani shagon tela.

Ana cikin haka wani reshe ya faɗo ya tafi da tsanin, ya bar Sai-Ni a sama rungume da kututture. Ya ƙwala wa mai faci kira. Mai faci ya zo ya tsaya a ƙasa, ya sa hannu a aljihu, ya ce shi ɗan faci ne kawai, bai san aikin manya ba, a nemi gwani ya ɗaga tsanin.

"Ka bar wasa, ƙafata ta fara rawa."

"To wa zai sauko da kai?"

Sai-Ni ya dubi ƙasa, ya dubi jama'ar da ta fara taruwa. "Sai kai," ya ce, a hankali.

Mai faci ya ce kunnensa ya lalace tun zamanin janareta, a maimaita. Sai da aka maimaita yadda har barandar tela aka ji, sannan ya jingina tsanin.

Matarsa ta yi magiya, ta yi fushi, ta yi kuka. Ta ɗauki waya za ta kira Baba, ya ce mata likita ya hana a tayar wa mai sabon ido hankali, in idon ya lalace ita ta sani. Ta ajiye wayar. Ta ce ita dai a ƙarƙashin bishiyar nan ta koyi tafiya, kuma ranar da Baba zai dawo ba ta san da wace fuska za ta tare shi ba. Maganar ta ɗan taɓa Sai-Ni, ya yi alƙawarin daga yau ya ajiye zarto. Ya cika alƙawarin har zuwa hantsi, lokacin da ya fito ya ga wani ɗan tsiron ganye guda da ya rage can a ƙololuwa yana kaɗawa shi kaɗai. Ya kawar da kai. Ya share wurin, ya goge madubi, ya sake dubawa, yana nan. Ya ce wa kansa wannan ko Baba ne ya gani zai ce a cire.

Wuta kam ta samu, har ta yi yawa. Fitila kore tun fitowar rana har faɗuwarta, fanka na gudu, rediyo na ihu, batir cike. Sai-Ni ya sa sabuwar riga ya tsaya jiran ciniki. Na farko wani baƙo ne, ya zauna a kujerar da ta wuni tana shan rana, ya miƙe zumbur yana riƙe da bayansa, ya tafi bai ko yi sallama ba. Na biyu ya daure aka fara. Zufa ta riƙa kwarara, gashin da aka aske ya manne masa a wuya da fuska, madubi ya kama rana ya watsa masa cikin ido, fanka ta kwaso iska mai zafi da guntayen gashi ta cusa masa a baki. Sai-Ni ya ce masa hasken rana na ƙara wa fatar kai lafiya, likitoci sun tabbatar. Mutumin ya ce ya gode, ya cire ƙyallen da kansa, ya ce sauran zai ƙarasa a gida. Babu na uku.

Ranar da Baba ya dawo rana ce mai zafin gaske. Wata tasi ta shigo layin a hankali, ta wuce, ta kai ƙarshe, ta juyo, ta sake wucewa. Na barandar tela suka hango Baba a kujerar baya da baƙin tabarau yana faɗa da direba. Ya gaya masa gida mai babban mangwaro ne, ko makaho ba ya ɓata, direban kuma ya rantse layin nan babu ko bishiyar da akuya za ta fake. Duk wanda ke wurin ya gane abin da ke faruwa, amma an rasa mai ƙarfin halin ɗaga hannu. Sai-Ni ya duƙa bayan kujera yana gyaran wayar da ba ta lalace ba. Sai da matarsa ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, Baba ya gane 'yarsa, motar ta tsaya.

Ya fito. Ya cire tabarau ya duba, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce likitan nan ya cuce shi, an ce masa zai ga komai garau, ga shi yana ganin gida, yana ganin 'yarsa, har ƙusar da ke jikin ƙyaure yana gani, amma bishiya ta ɓace masa sai wani abu mai kama da cokali mai yatsu. Tsohon direba ya tsallako daga baranda, ya dafa kafaɗarsa, ya ce masa idonsa lafiya ƙalau, abin da ya gani shi ke nan.

Kafin wannan lokaci layin ya cika. Sai-Ni ya ga babu wurin ɓuya, don shi da kansa ya sare duk abin da za a ɓuya a bayansa, sai ya fito ya tsuguna ya yi wa Baba sannu da zuwa. Ƙasa ta ƙona masa gwiwa, ya daure. Ya ce Baba ya duba fanka, ya duba fitila, ya kunna kilifa ya ɗaga ta sama. Sannan ya kashe rediyo ya ɗaga yatsa.

"Baba, ka saurara. Ka ji wata ƙara?"

Baba ya saurara. Babu ƙarar janareta. Babu kukan tsuntsayen da suka saba tashinsa da safe, babu motsin ganye. Ya matsa ya dafa kututturen, ya shafa inda zarto ya bi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ɓacin da ya wuce na faɗa, har masu dariya suka rufe bakinsu. Shirun ne ya fi ƙarfin Sai-Ni, don shi bai taɓa iya barin shiru ya zauna lafiya ba.

"Baba, ai kamar gashi ne. Zai tofo, har ya fi na da cika. Kuma in ka ja da baya ka duba, ko'ina ya daidaita."

Mai faci ya juya baya yana tari. Matar Sai-Ni ta rufe fuska da mayafi ta shige gida. Baba ya dubi surukinsa da sababbin idanunsa tun daga sama har ƙasa, ya tsaya a inda gashin baki yake a da, ya wuce.

Kowa ya zaci kora ce za ta biyo baya. Shi kansa Sai-Ni ya fara lissafin yadda zai ɗauki kujera da madubi a tafiya ɗaya. Amma Baba ya ce shi bai taɓa yin magana biyu ba. Ya ce in ya tarar da shiru wurin na Sai-Ni ne, kuma ya tarar da shiru, irin wanda bai taɓa ji ba. Don haka a gaban shaidu ya bar masa wurin.

"Naka ne," in ji Baba. "A nan za ka riƙa wuni, ba za ka matsa ko nan da can ba. Ga bokiti a gida, safe da yamma ka ba ta ruwa. Ranar da inuwa ta dawo, ni ma na dawo."

Ya juya ya tsallaka titi, tsofaffi suka matsa masa a kan tabarma, jama'a suka bi su, aka bar Sai-Ni shi da fankarsa.

Haka zaman ya kasance. Da safe ya jido ruwa, ya share wuri, ya kunna kayansa, ya raɓe a 'yar inuwar da farantin ke yi, wadda in ya sa kai sai ƙafa ta fita. In wani ya wuce ya gaya masa cewa duk layin nan babu mai wuta irin tasa, mai faci ya amsa daga ƙarƙashin buhun da ya kafa wa kansa cewa wannan gaskiya ne, a sama da ƙasa.

Wata safiya ya hango Baba ya cire hula a barandar tela. Kan nan shi kaɗai ke taɓa shi tun ranar da ya auri 'yar gidan, kuma da shi yake wa sauran masu aski gori. Ya miƙe da sauri ya karkaɗe kujera, ya ɗauki ƙyalle. Sai ya ga tsohon direba ya ari almakashin tela, ya ɗaura wa Baba wani ragowar yadi a wuya, ya fara datsa yadda ya ga dama, nan tudu can kwari. Sai-Ni ya tsaya riƙe da kilifa tana kaɗawa a banza. Abin ya yi masa ciwo har cikin rai. Ya kawar da kai, ya sake dubawa, ya matso har bakin iyakar wurinsa, ya karkata kai gefe guda. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya yi shiru, bai iya ba.

"Baba," ya ɗaga murya, "gefen hagu ya fi yawa."

Baba bai ko waiwayo ba. Ya sa hannu ya shafa gefen hagun, ya ji tudun da ke wurin, ya gyara zama.

"A bar shi haka," ya ce.